Daga Dangwale zuwa Na'urar Karanta Yatsa: Waiwaye daga Ƙaraye da Rogo

Kafin zuwan Turawa, hatimin sarki da bakin shaidu su ne hujja a ƙasar Kano. Dangwale, wato shafa wa babban yatsa tawada a danna shi a kan takarda, ya yaɗu ne tare da mulkin mallaka, a matsayin sa hannun wanda bai yi boko ba.

A wajen Turawan Ingila, asalin dabarar daga Indiya take. A 1858 wani jami'in Ingila mai suna William Herschel ya fara karɓar shaidar tafin hannu a kan takardun yarjejeniya a Bengal. A 1892 Francis Galton ya wallafa bincikensa a kan zanen yatsa, inda ya nuna cewa zanen ba ya canjawa da shekaru, kuma da wuya ƙwarai na mutum biyu ya zo ɗaya. 'Yan sandan Landan suka kama aiki da shi a 1901.

Na'urar da ake buɗe kwamfuta da ita a yau a kan wannan tushe aka gina ta, kuma aikinta mataki uku ne. Na farko rajista, inda take duba layukan fatar yatsa ta hanyar haske ko lantarki. Na biyu adanawa: takan tsinci wuraren da layi ya ƙare ko ya rabu biyu, ta mayar da su lambobi. Na uku gwadawa, wato kwatanta yatsan da aka ɗora da abin da aka adana. Kurenta iri biyu ne: ta karɓi baƙo, ko ta ƙi mai haƙƙi.

Kure na biyu shi ya fi shafar Ƙaraye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu masu kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, waɗanda akasarin jama'arsu manoma ne. Riƙon ƙotar fartanya yana shafe layukan yatsa, hunturu yana tsattsaga fata. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, Hukumar Zaɓe kuma ta kawo na'urar tantance masu zaɓe a 2015, yatsan manomi ya zama mabuɗin asusunsa da ƙuri'arsa. A zaɓen 28 ga Maris 2015 na'urar ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke. Irin wannan cikas na cikin dalilan da suka sa na'urar BVAS, wadda aka yi babban zaɓen 2023 da ita, ta haɗa duban fuska da na yatsa.

A taƙaice, dangwale ya tashi daga alamar rashin iya rubutu ya koma abin da malami da ma'aikaci suke buɗe kwamfuta da shi. Sai dai a da mutum ne yake duban tawada ya yanke hukunci, ana kuma iya yi masa bayani. Yanzu na'ura ce take yankewa, kuma hannun da ya fi shan aiki shi ta fi ƙi.