Takarda ko Hannu: Tsohuwar Gardamar Koyon Zane, Daga Zariya Zuwa Sabon Gari

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ya wuce ta cikin wani baje kolin zane da ba a sa masa suna ba. Allunan shaguna, hoton kan aski a ƙofar mai aski, zaki da dabino a bayan babbar mota, duk hannu ne ya yi su kafin injin buga fasta ya zo ya kwashe yawancin cinikin. Masu wannan aiki a gaban maigida suka koya, daga wanke buroshi da dama fenti. Amma idan ɗan ɗayansu ya taso da baiwar zane a yau, abin da za a tattauna a gida shi ne: kwalejin kimiyya da fasaha za a kai shi ya yi difloma, ko Jami'ar Ahmadu Bello ya yi digiri? Wannan gardama ta girmi jami'ar kanta.

A shekarun 1950 babu jami'ar da ke koyar da zane a Najeriya. Akwai dai Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya, mai rassa a Ibadan da Inugu da Zariya, kuma a 1955 aka ɗauke sashen zane daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Difloma ake bayarwa. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta makarantun zane na Landan ce: a zaunar da mutum a zana shi, a koyi ma'aunin nesa da kusa, a haddace tarihin masu zanen Turai. Ɗalibi zai iya gamawa bai taɓa jin an ambaci zanen bangon gidajen birnin Zazzau a aji ba, alhali suna nan kusa da shi.

A watan Oktoba na 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da aka sani da Zaria Art Society. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, kodayake tawayen nasu bai kai ga ƙaurace wa aji ba. Suna yin aikin da malami ya ba su da rana, su koma ɗaki su yi nasu. Aƙidarsu ita ce a riƙe dabarar da aka koya daga Turai, a zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. A 1961 ƙungiyar ta watse, a 1962 kuma kwalejin ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, difloma ta ba digiri wuri.

Abin lura shi ne inda suka dosa bayan nan, domin ba su bi hanya ɗaya ba. Okeke ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Najeriya ta Nsukka bayan yaƙin basasa, ya sa bincike kan al'ada ya zama ginshiƙin karatu. Grillo ya yi shekaru yana jagorantar sashen zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, inda aka fi ba aikin hannu ƙarfi. Onobrakpeya kuwa, bayan doguwar koyarwa a makarantar sakandare, ya buɗe taron koyon sana'a na shekara-shekara a Agbarha-Otor tun 1998, inda mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba suke zama kan benci ɗaya. Ƙungiya ɗaya ta haifi hanyoyi uku.

Sai kuma abin da ya kamata ya dame mu a nan Arewa: a ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma kusan dukkan masu yinsa 'yan Kudu ne. Akan ce ƙyamar zana abu mai rai ce ta hana iyaye tura 'ya'yansu, kuma akwai gaskiya a ciki. A ganina bai isa bayani ba. Bahaushe yana da makarantar zanensa tun da daɗewa, sai dai ba ta bayar da takarda: mai zayyanar Alƙur'ani, da magini mai fitar da dagi a fuskar soro, da maɗinkin da ke zana aska takwas a ƙirjin babbar riga, irin waɗanda Fagge ta yi suna da su. Sai da wani malamin jami'ar, David Heathcote, ya bi waɗannan masu sana'a yana tattara aikinsu, har aka baje shi a Landan a 1976, kafin da yawa daga cikin 'yan boko su yarda cewa abin nazari ne.

Labarin Ladi Kwali ya ƙara dagula lissafin. A gida ta koyi ginin tukwane, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara aikinta tun kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Jami'ar da dokokinta ba za su ba ta gurbin aji ɗaya ba ita ce ta sa mata rigar dakta, yau kuma hotonta ne a bayan naira 20.

To me ya sa uba a Sabon Gari zai fi son digiri? Saboda tsarin aikin gwamnati. Shekaru da yawa mai babbar difloma yana shiga aiki yana kallon mai digiri yana wuce shi a matakin ƙarin girma, ko da hannunsa ya fi. Wanda yake son koyarwa a jami'a, ko aikin gidan tarihi, ko neman tallafin karatu a waje, digiri ne mabuɗinsa, kuma a can zai sami tarihi da nazarin da suka sa su Okeke suka san abin da suke ƙi. Wanda kuma yake son ya buɗe shago, ya yi zanen atamfa ko tambarin kamfani ko fastar fim, zai fi samun awannin aikin hannu a kwaleji, ya fito da wuri, kuɗin da iyaye za su kashe ma bai kai ba.

Kasuwa ita ba ta tambayar takarda. Bayan gobarar watan Maris na 2016 da ta cinye shaguna masu yawa a Sabon Gari, duk wanda ya sake gini ya buƙaci sabon allo. Mafi yawan aikin ya tafi ga yaran da suka iya kwamfuta, wasu masu digiri, wasu masu difloma, wasu kuma a shagon buga fasta suka koya, suna tsaye a bayan kujerar maigida suna kallon yadda yake juya linzami.