Mota Iri Ɗaya Ga Kowa: Yadda Sauya Fasalin Motocin Tseren NASCAR Ya Raba Kan Magoya Baya

NASCAR ita ce hukumar da ke shirya tseren motoci mafi farin jini a Amurka. Babbar gasarta, wadda ake kira Cup Series, tana da tsere 36 da ake ba da maki a kansu daga watan Fabrairu zuwa Nuwamba, akasari a filaye masu siffar ƙwai, inda motoci har 40 kan fafata a lokaci guda. Tun daga shekarar 2022 dukkan ƙungiyoyin gasar ke amfani da mota mai tsari ɗaya da ake kira Next Gen, wadda ake sayen mafi yawan sassanta daga kamfanonin da hukumar ta zaɓa. Wannan mataki ya raba kan magoya baya: wasu na ganin ya daidaita manyan ƙungiyoyi da ƙanana, wasu kuma na ganin ya raba wasan da asalinsa.

Asalin wasan

Bill France ne ya jagoranci kafa hukumar bayan wani taro da aka yi a Daytona Beach ta jihar Florida a watan Disambar 1947, aka kuma yi mata rajista a watan Fabrairun 1948. Da yawa daga direbobin farko masu fasa-ƙwaurin barasa ne a kudancin Amurka, waɗanda suka ƙware wajen ƙara wa motocinsu ƙarfi domin tsere wa jami'an tsaro.

Manufar France ita ce a yi tsere da irin motocin da kowa ke iya saye a kasuwa, kuma wannan ne ma'anar sunan wasan a Turance. A tseren farko na babbar gasar, wanda aka yi a Charlotte ranar 19 ga Yunin 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa isa, amma aka ƙwace nasarar saboda an sauya sifirin ɗin bayan motarsa ƙirar Ford, aka miƙa wa Jim Roper mai tuƙa Lincoln. Ke nan tun ranar farko ake jayayya kan iyakar abin da bakanike zai iya taɓawa a jikin mota.

Kamfanonin ƙera motoci sun shiga wasan ne bisa lissafin cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi za ta samu masu saye ranar Litinin. Wannan lissafi ba baƙo ba ne a Afirka: Peugeot 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma nasarori irin wannan sun ƙara mata suna a matsayin mota mai jure wahala. Kamar yadda direbobi a tashoshin mota na Potiskum ko Kano kan yi gardama kan wace ƙira ce ta fi ƙarko, haka magoya bayan NASCAR suka taso, wannan na Ford, wancan na Chevrolet, har a gaji abin daga iyaye.

Gudu ya wuce kima

A shekarun 1969 da 1970 kamfanoni suka fito da motoci masu dogon hanci da fiffike a baya, irin su Dodge Charger Daytona da Plymouth Superbird. A watan Maris na 1970 Buddy Baker ya haura gudun mil 200 a sa'a, kimanin kilomita 322, a filin Talladega. Hukumar ta rage girman injin da aka yarje wa irin waɗannan motoci a 1971, lamarin da ya kawo ƙarshensu.

A 1987 Bill Elliott ya kai gudun mil 212.8 a sa'a a wannan fili, kuma a tseren da ya biyo baya motar Bobby Allison ta tashi sama ta yaga shingen da ke kare 'yan kallo. Daga 1988 aka tilasta sanya wani faranti da ke rage iskar da ke shiga inji a filayen Daytona da Talladega. Sannu a hankali motocin suka daina zama na kasuwa, suka koma ƙwarangwal na bututun ƙarfe da aka lulluɓe da bodi mai kama da na kasuwa.

Abin da ya sauya komai shi ne mutuwar Dale Earnhardt, wanda ya lashe gasar sau bakwai, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500 ranar 18 ga Fabrairun 2001. Watanni kafin nan, Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper sun rasu a haɗurra daban-daban a shekarar 2000. Hukumar ta wajabta na'urar riƙe kai da wuya, aka fara sanya bango mai shanye ƙarfin karo, sannan aka shiga aikin ƙera sabuwar mota.

Motar Gobe

Motar da aka laƙaba wa Car of Tomorrow, wato Motar Gobe, ta fara tsere a Bristol ranar 25 ga Maris, 2007. Ta fi ta baya tsayi da faɗi, an ɗan matsar da kujerar direba wajen tsakiya, an cusa soso mai shanye karo a ƙofofi, an kuma ɗora mata fiffike a baya. Kyle Busch, wanda ya ci wannan tsere, ya kushe motar a bainar jama'a tun bai bar dandalin nasara ba.

Ta fuskar kare rai, motar ta cika alkawari. A watan Afrilun 2008 Michael McDowell ya daki bango a Texas, motarsa ta yi ta wuntsila gudidi, amma ya fito da ƙafarsa. Sai dai 'yan kallo sun koka cewa in ba don sitika da tambari ba, babu mai bambanta Ford da Chevrolet, Dodge ko Toyota. Tseren Indianapolis na Yulin 2008 ya ƙara dagula lamarin, domin tayoyi sun riƙa cinyewa da sauri, har ya zama ana sassauta tseren kusan duk bayan zagaye goma.

Koken ya yi tasiri. A 2010 aka cire fiffiken, wanda baya ga muninsa a idon jama'a ake zargin yana taimaka wa mota tashi sama idan ta juya da baya. A 2013 kuma aka fito da wata sabuwar ƙira da ta bai wa kowane kamfani damar nuna siffar motarsa ta kasuwa: Ford Fusion, Chevrolet SS da Toyota Camry.

Abin da Next Gen ta zo da shi

An ƙaddamar da Next Gen a watan Mayun 2021, ta kuma fara fafatawa a Los Angeles a watan Fabrairun 2022. A da, kowace babbar ƙungiya ce ke ƙera shasi da yawancin sassan motarta a masana'antarta. Yanzu kamfanin Technique ne ke samar da shasi, Xtrac ke samar da giyabos mai giya biyar, BBS kuma ke samar da wili na alminiyam mai inci 18 da noti ɗaya a tsakiya, maimakon na ƙarfe mai inci 15 da noti biyar. An taƙaita yawan motocin da za a tanada wa kowane direba zuwa bakwai, an kuma matsar da lambar mota gaba domin a samar wa masu talla wuri a ƙofa. Abin da ya rage a hannun kamfanoni da ƙungiyoyi shi ne inji, siffar bodi gwargwadon ƙa'ida, da saitin mota.

Taɓa sassan da aka saya babban laifi ne. A watan Maris na 2022 an zabtare wa Brad Keselowski maki 100, aka ci tarar shugaban kanikawansa dala 100,000. A 2023 an ci tarar shugaban kanikawan Chase Briscoe dala 250,000 saboda samun wani sashe na jabu a motar.

Hujjar masu goyon baya

Masu son tsarin na cewa idan mota ɗaya ce, gwanintar direba ce za ta yi magana, ba kaurin aljihu ba. Suna kafa hujja da kakar 2022, wadda direbobi 19 daban-daban suka ci tsere a cikinta, adadin da ya yi daidai da na 2001. Sabon shiga Austin Cindric ya lashe Daytona 500, matashiyar ƙungiyar Trackhouse ta samu nasarori ta hannun Ross Chastain da Daniel Suárez, wanda ya zama haifaffen Meziko na farko da ya ci tsere a babbar gasar. A Yulin 2023 Shane van Gisbergen na New Zealand ya yi nasara a titunan Chicago a fitowarsa ta farko.

Haka kuma kusan kowa ya yarda cewa tsere ya gyaru a filaye masu tsawon mil ɗaya da rabi. A Kansas, cikin watan Mayun 2024, Kyle Larson ya riga Chris Buescher da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tazara mafi ƙanƙanta a tarihin gasar.

Hujjar masu adawa

Koke na farko ya shafi gajerun filaye irin su Martinsville da Bristol, inda wasan ya samo asali. Faffaɗan tayoyi, birki mai ƙarfi da inji mai ƙarfin doki 670 sun sa motoci na gudu kusan daidai da juna, sannan iskar da ta gaba ke hargitsawa na hana ta baya kama ƙasa sosai. Sakamakon haka, wuce abokin hamayya ya yi wuya, 'yan kallo suka riƙa ganin jerin gwano maimakon fafatawa.

Koke na biyu ya shafi lafiyar direbobi. A kakar farko an gano cewa bayan motar ya yi tauri da yawa, ta yadda jikin direba ne ke shan ƙarfin karo. Kurt Busch ya samu buguwar ƙwaƙwalwa a Pocono a watan Yulin 2022, bai kuma sake komawa gasar ba. Alex Bowman ya rasa tsere biyar bayan haɗarinsa a Texas. Motar Kevin Harvick ta kama da wuta a Darlington, ya ɗora laifin kan rashin ingancin sassan da aka tilasta musu saye. Hukumar ta sake fasalin bayan motar kafin kakar 2023.

Koke na uku shi ne na tsofaffin masoya, waɗanda ke ganin an kashe basirar kanikawa, an mai da su masu haɗa kayan da wani ya ƙera. A wurinsu, neman dabarar da abokin hamayya bai gano ba rabin wasan ne. Wasunsu na danganta raguwar masu kallo da wannan: sama da mutum miliyan 19 ne suka kalli Daytona 500 a talabijin a 2006, amma a 'yan shekarun nan adadin bai kai miliyan 10 ba. Masu nazari dai na ƙara wasu dalilai, kamar ritayar fitattun direbobi da sauyin yadda jama'a ke kallon wasanni.

Batun ya kai har kotu. A watan Oktoban 2024 ƙungiyar 23XI, mallakar tsohon ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan da direba Denny Hamlin, tare da Front Row Motorsports, suka maka hukumar a kotu bisa zargin babakere, kuma tilasta sayen sassa daga wuri ɗaya na cikin ƙorafe-ƙorafensu.

Inda aka kwana

NASCAR ba ita kaɗai ke kan wannan turba ba. A gasar IndyCar kamfanin Dallara na Italiya ne ke ƙera shasin kowa, yayin da a Formula 1 kowace ƙungiya ke tsara motarta, shi ya sa ƙungiya ɗaya kan mamaye gasar shekaru a jere.

A watan Oktoban 2025 hukumar ta sanar da ƙara ƙarfin inji zuwa doki 750 a gajerun filaye da masu lanƙwasa daga kakar 2026, bayan dogon kiraye-kiraye daga direbobi da 'yan kallo. Kamar cire fiffike a 2010 da dawo da siffar kamfanoni a 2013, wannan ma gyara ne da koken jama'a ya jawo, amma tsarin sayen sassa daga hannu ɗaya yana nan daram. Tun bayan rasuwar Earnhardt a 2001, babu direban da ya rasa ransa a tseren babbar gasar.