Daga Kejin Ɓera zuwa Ɗakin Haihuwa

A 1935 wasu likitoci biyu a Shikago, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana halin mata bakwai: al'ada ta ɗauke, ciki ya ƙi shiga, wasunsu gashi ya tsiro a haɓa, gidan ƙwansu kuma ya kumbura da ƙananan ƙulle-ƙulle masu ruwa. Maganin wancan zamani wuƙa ce, a yanke wani ɓangare na gidan ƙwan. Wannan larura ce yau ake kira PCOS.

Ba a gwada sabon magani kai tsaye a jikin mace, ɓera kuwa sai an ɗora masa cutar. A 1961 Charles Barraclough ya nuna hanya: allura ɗaya ta sinadarin maza, testosterone, ga jaririyar ɓera a kwanakinta na farko, sai ta girma ba ta sakin ƙwai.

To amma ɓera ya taɓa nuna gabas alhali hanya tana yamma. A 1956 Frank Palopoli na kamfanin Merrell ya haɗa clomiphene. Da aka ba ɓeraye sai haihuwa ta tsaya, har aka sa ran an samu maganin hana ɗaukar ciki. A 1961 Robert Greenblatt ya gwada shi a kan mata a Jojiya, sai ga waɗanda suka daɗe ba su saki ƙwai ba sun fara saki. Amurka ta amince da shi a 1967. Nakan tuna iyalai nawa ne za su rasa 'ya'ya da an tsaya ga shaidar keji kaɗai.

Labarin letrozole ya fi ɗaure kai. Asalinsa maganin sankarar mama ne, yana toshe hanyar da jiki ke juya sinadarin maza ya koma na mata. A 2004 Hasan Kafali da abokan aikinsa a Turkiyya suka riƙa ɗura wa ɓeraye shi kullum har kwana 21. Sinadarin maza ya taru, gidan ƙwai ya cika da ƙulle-ƙulle. Da shi ɗakunan bincike da yawa ke ƙirƙiro cutar har yau. Shi ɗin ne kuma likita ke rubuta wa mace na kwana biyar kacal a farkon al'ada: sinadarin mata ya ɗan sauka, ƙwaƙwalwa ta ji an yi ƙasa, ta ƙara aiko da saƙon da ke nunar da ƙwai. A gwajin da Richard Legro ya jagoranta a 2014 kan mata 750, kashi 27.5 cikin ɗari na masu shan letrozole sun haihu, masu clomiphene kashi 19.1.

A 2018 tawagar Paolo Giacobini a Lil ta Faransa ta koma kejin. Suka ƙara wa ɓeraye masu ciki wani sinadari mai suna AMH, 'ya'yansu mata suka taso da alamun cutar, wani magani mai suna cetrorelix kuma ya daidaita musu sakin ƙwai.