Ja-gaban Baƙo da Kufan Tarihi a Ƙasar Kano

Masu iya magana sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Wannan magana gaskiya ce, gama mutum ya kan tsaya gaban tsohon gini ya yi ta kallo, ba ya ganin kome sai jar ƙasa da azara, har sai wani masani ya zo ya faɗa masa wanda ya gina shi da abin da ya auku a cikinsa. Saboda haka ina so in ɗan ba da tarihin aikin nan na ja-gaban baƙi a ƙasarmu, da dalilin da ya sa bai kamata mu bari ya lalace ba.

Aikin ba baƙo ba ne wurin Hausawa. Zamanin da fatake su ke zuwa Gwanja sarin goro, kowane ayari yana da madugu, yana kuma da ja-gaba wanda ya san mashigin rafi da zango. In sun sauka gari, fatoma shi ne mai masauki, shi zai nuna musu kasuwa, ya haɗa su da dillali. Haka kuma alhazanmu, in sun isa Makka su kan sami mai yi musu jagora wajen ɗawafi da ziyara. A nan gida ma mutane sun daɗe suna zuwa Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato, da kabarin Sarkin Musulmi Bello a Wurno, masu tsaron wurin suna yi musu bayani.

Turawan farko da su ka zo Kano, su ma da ja-gaba su ka ga gari. Kyaftin Kilafatan ya iso cikin 1824. Bayansa wani Bajamushe, Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya zo cikin 1851, ya zaga unguwanni bisa doki, ya zana surar birnin yadda a ke hango shi daga Dala. Da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, jirgin sama kuma ya fara sauka cikin 1925, sai baƙi su ka yawaita, har Sarauniyar Ingila ta zo cikin 1956. Daga nan ne waɗansu mutane su ka mai da zagayawa da baƙi sana'a, a ɗauke su yini guda, a biya su ladansu.

To, mu mutanen Wudil muna da rabo cikin wannan al'amari fiye da yadda mu ke zato. Tun bayan jihadi sarautar Makama ta zama ta Joɓawa, zuriyar Malam Bakatsine, Wudil kuwa ta daɗe tana mazaunin Makama. Gidan Makama da ke bakin fadar Kano, an ce can Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta cikin 1463. Da Turawa su ka ci Kano cikin 1903 sun yi ofis a cikinsa, daga baya aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa shiga? Ga shi kuwa tafiyar ba ta da nisa, wanda ya haye gadar Wudil da asuba zai ga kome ya komo gida kafin magariba.

In ya sami ja-gaba na kirki, daga Dala za su fara, gama nan ne tushen gari. Nan Barbushe ya zauna yana bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 999. Mutanen birni kuwa sun saba hawan dutsen ran Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Daga bisa zai hangi Goron Dutse da abin da ya saura na ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara cikin ƙarni na 12. In sun sauko sai Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa, sai Sharifai, inda a ke tunawa da Shehu Magili, malamin da ya rubuta wa Rumfa littafi a kan yadda a ke riƙon jama'a bisa shari'a. Daga nan sai babban masallaci, wanda aka sāke ginawa zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai karofin Ƙofar Mata, inda a ke rini da baba da toka yadda aka gada. Mu dai ba mu da teku kamar mutanen Ikko, amma mai sha'awar ruwa yana da koginmu, yana kuma da madatsar Tiga da aka gama cikin 1974.

Abin da ke ba ni tsoro abu biyu ne. Na fari, wuraren kansu suna ƙarewa. Ganuwa dai ruwan sama ya ci wani sashe, mutane sun ɗebi ƙasarta, waɗansu sun yi gini a kanta, ko da ya ke tun 2007 aka sa sunanta cikin jerin wuraren da a ke nema wa shiga kayan tarihin duniya. Na biyu, masana suna ƙarewa. Tsoho ya mutu da labarinsa, yaro ya tare baƙo a bakin ƙofa ya shara masa ƙarya don ya sami na goro, baƙo ya tafi ya rubuta. Ƙaryar da ta shiga littafi kuwa wuyar fita gare ta.

Maganin abin ba shi da wuya. Wanda zai ja baƙi ya zauna gaban dattawa da malamai tukuna, ya karanta Tarihin Kano, ya rarrabe tsakanin abin da aka tabbatar da abin da a ke faɗi kawai, in bai sani ba ya ce Allah ne masani. Malaman makaranta kuma su riƙa kai yaranmu ko sau ɗaya a shekara, gama gani ya kori ji. Wanda ya taka Dala da ƙafarsa yana yaro, da wuya ya girma ya sa gatari ga ganuwa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙon amanarsu, amin.