Yadda Akori-kurar Manoma Ta Zama Motar Gudu a Amurka

Da yake masu shirya wannan mujalla sun ce kowa ya kawo abin da yake sha'awa, ni kuwa kowa ya san ni da son ƙarfe tun muna aji uku, na ga ya kamata in kawo muku tarihin wata al'ada ta mutanen Amurka, wato ɗauko tsohuwar akori-kura mai shekara hamsin ko sittin a haɗa mata injin da zai sa ta tsere wa sababbin motoci. Wanda ya ga irin waɗannan motoci suna ƙyalli zai ɗauka wasan masu kuɗi ne. Alhali kuwa talakawa ne suka fara shi, kuma abin da ya ba su dama shi ne wani inji mai arha wanda kayansa ke shiga juna shekara da shekaru.

Tun 1925 kamfanin Ford yake sayar da akori-kura, amma motar gona ce, ba ruwanta da gudu. Labari ya fara sauyawa a 1932, lokacin da Henry Ford ya fito da inji mai silinda 8 a jere biyu, siffar harafin V, a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Girmansa lita 3.6 ne, ƙarfinsa kuma doki 65. Don a gane, injin akori-kurar Peugeot 404 da iyayenmu suka yi dakon hatsi da ita silinda 4 ne, lita 1.6. Sai dai wannan inji na Ford yana da wata naƙasa. Bawul ɗinsa a jikin bulok suke, a gefen silinda, don haka iska sai ta yi kwana kafin ta shiga, hayaƙi kuma sai ya ratsa ta cikin bulok kafin ya fita. Ga ƙarancin numfashi, ga saurin ɗaukar zafi.

To, a nan samarin kudancin Kalifoniya suka shigo. Sukan sayi tsofaffin motoci da arha, su cire duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar auna gudu, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sojojin da suka koyi kanikanci a bakin daga suka dawo suka ƙara wa abin armashi. Mujallar Hot Rod ta fara fita a 1948, ƙungiyar tsere ta NHRA kuma aka kafa ta a 1951. Kanikawa irin su Vic Edelbrock da Ed Iskenderian da ƙaramin gareji suka fara, wannan yana ƙera mazaunin kafireta biyu, wancan yana wasa kamshaf don bawul ya daɗe a buɗe. Duk abu ɗaya suke nema, injin ya shaƙi iska da yawa ya fitar da hayaƙi da sauri. Malamanmu na kimiyya za su tuna sun koya mana bugu huɗu na inji, shaƙa da matsawa da ƙonawa da fitarwa. Wallahi sana'ar nan kaf ba ta wuce wannan darasi ba.

Akwai wani mutum da ya kamata a tsaya a kansa, Zora Arkus-Duntov, wanda aka haifa a Beljiyam, iyayensa kuma mutanen Rasha ne. A wajajen 1947 shi da ƙanensa suka ƙera wani tof-silinda mai suna Ardun wanda ya mayar da bawul ɗin injin Ford sama. Abin sha'awa, saboda manyan motocin ɗaukar kaya aka yi shi, amma 'yan tsere ne suka yi rububinsa daga baya. A 1953 ya kama aiki a kamfanin General Motors, kuma a watan Disamba na shekarar ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana nuna musu cewa samari duk sun tafi ga Ford, kuma yaron da ya saba da Ford a gareji shi zai saya idan ya girma. Shawararsa ita ce kamfanin Chevrolet ya riƙa yin kayan ƙarin ƙarfi da kansa yana sayar wa waɗannan yara a kanti. Mu da muke aikin ofis mun san inda yawancin irin wannan takarda ke ƙarewa. Tasa dai an karanta ta.

A 1955 Chevrolet ya fito da nasa injin mai silinda 8 a ƙarƙashin jagorancin injiniya Ed Cole, injin da daga baya aka riƙa kira ƙaramin bulok. Lita 4.3 ne, doki 162, bawul a sama, kuma duk da yawan silindarsa bai kai tsohon injinsu mai silinda 6 nauyi ba. A shekarar aka fara sa shi a akori-kura. Daga nan ya yi ta girma: lita 4.6 a 1957, lita 5.4 a 1962, lita 5.7 a 1967, sai lita 6.6 a 1970. Amurkawa da inci suke awo, shi ya sa suke kiran waɗannan da 265, 283, 327, 350 da 400.

Ga inda hikimar take, kuma a ganina nan ne zuciyar labarin. Duk wannan girma da aka yi ta yi, ba a taɓa tazarar da ke tsakanin tsakiyar silinda da tsakiyar ta kusa da ita ba, inci 4.4 ce daga farko har ƙarshe. Siffar bulok ta waje da mazaunin giya ba su sauya ba. Saboda haka tof-silindar wata shekara kan hau bulok ɗin wata shekara, injin motar gida kan shiga akori-kura, kuma bakanike na iya zuwa inda ake jibge matattun motoci ya tsinto abin da yake so da kuɗi ƙalilan. A 2011 kamfanin ya ba da sanarwar ya ƙera inji na miliyan 100 daga wannan zuriya. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada, kuma ba ya rasa wanda ya san gyaransa.

Misali mafi kyau shi ne injin da ake kira 383, wanda kanikawa ne suka ƙago shi tun kafin kamfani ya fara sayar da irinsa. Ramin silindar 350 faɗinsa inci 4 ne, fistin kuma yana tafiyar inci 3.48. A injin 400 tafiyar fistin inci 3.75 ce. Sai wasu suka ɗauki karanshaf ɗin 400 suka rage kaurin mazauninsa, suka faɗaɗa ramin silindar 350 da inci 0.030, suka ɗan goge cikin bulok don kada sandar fistin ta taɓa, suka haɗa. Sakamakon lita 6.3 ne. Doguwar tafiyar fistin ita ke ba da ƙarfin ja tun inji yana juyawa a hankali, wanda shi ne abin da mota mai nauyi ke bukata.

Motar da aka fi yi wa wannan aiki ita ce Chevrolet C10, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972, wadda aka fara sa wa injin 350 a 1969. Masoya Ford kuma suna da tasu F-100 da aka fara a 1953, kuma gardamar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fi ta magoya bayan ƙwallo zafi.

Me ya sa ake komawa ga motocin wancan zamani? Amsar tana cikin abin da ya faru bayan 1970. A shekarar aka tsananta dokar tsabtar iska a Amurka. A 1971 General Motors ya rage matsin injunansa don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, a 1972 aka sauya yadda ake auna ƙarfin doki zuwa awon da ya fi kusa da gaskiya, a 1973 aka shiga matsalar man fetur, a 1975 kuma aka fara sa matatar hayaƙi a salansa. Injin 350 da aka rubuta wa doki 370 a motar Corvette ta 1970, a 1975 doki 165 aka rubuta masa. Ban ga laifin dokar ba, domin hayaƙin ya addabi birane irin su Los Anjalas, dalma kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Injiniyoyi ne dai ba su riga sun gano yadda za su haɗa tsabta da ƙarfi ba.

Wani abin dariya shi ne dokar matatar hayaƙi ba ta fara shafar motocin kaya da nauyinsu da lodi ya haura laba 6,000 ba. Ta wannan kafa Ford ya fito da F-150 a 1975, kamfanin Dodge kuma a 1978 ya yi wata jar akori-kura mai suna Li'l Red Express, doki 225, da salansa biyu a tsaye bayan kai kamar na tirela. Mujallar Car and Driver ta gwada ta, ta samu ta riga sauran motocin Amurka da aka gwada tare da ita kaiwa gudun mil 100. Motar kaya ke nan fa!

Shi kansa haɗin injin ba tara kaya masu tsada ba ne. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne sayen kamshaf na motar tsere da ƙatuwar kafireta. Injin zai yi ta ruri mai daɗin ji, amma ƙarfinsa sai can a ƙololuwar juyi, ga shi kuwa akori-kura daga tsaye take tashi da nauyi, sai ka ga ƙaramar mota ta bar ta a danja. Gwani yakan fara da tambayar aikin da motar za ta yi, sannan ya daidaita kamshaf da matsi da tof-silinda da giyar baya su zo ɗaya. Matsi ya yi yawa, fetur ya riƙa fashewa kafin lokaci, fistin ya huje. Tsohuwar tof-silinda kuma sai an sa mata mazaunin bawul mai tauri, domin dalmar da ke kare shi an hana ta a fetur ɗin motocin Amurka tun 1996. Hatta baƙin mai sai an zaɓa, don na yanzu an rage masa sinadarin zinki wanda tsohon kamshaf ke bukata. Ga kuma birki. Sai a 1971 C10 ta samu birkin faifai a gaba, don haka wanda ya ninka ƙarfin ƙirar 1968 ya bar ta da birkin ganga ya shirya wa kansa jana'iza.

Daga baya kamfanoni suka koyi darasi, suka shiga yin akori-kura mai gudu da kansu, kamar 454 SS a 1990 da GMC Syclone a 1991 da Ford Lightning a 1993. A 1996 aka fito da tof-silindar Vortec don motocin kaya, sai ga shi ta fi yawancin tsofaffin na motocin gudu numfashi, kanikawa suka yi ta kwasarta daga matattun motoci. A 1997 kuma sabon injin LS ya fito, ya shiga motocin kaya a 1999. Kwamfuta ke sarrafa masa mai, kusan babu wani kayansa da ke shiga tsohon ƙaramin bulok, har ma wasu dattawan sana'ar na ganin sa shi a C10 cin amanar motar ne. Matasa kuwa suna sayen mai lita 5.3 daga motar da ta yi hatsari su ɗora. Amma tazarar silindarsa, ko da aka zana shi sabo fil, inci 4.4 ɗin nan ta 1955 aka bar masa.