Tushen Kalmar "Jealous": Kishi Ne ko Hassada?

Masu gyara wa mutane Ingilishi sukan dage cewa "jealous" kalma ce ta mai tsoron a ƙwace masa nasa, "envy" kuwa ta mai ƙyashin abin hannun wani. Wannan rabo yana da amfani a aji, amma ya taƙaita kalmar ga tsoro, alhali tushenta zafin so ne.

Kalmar ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1200 daga tsohon Faransanci, zamanin da harshen Normandawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, yake harshen fada. Faransanci ya gaje ta daga "zelosus" na Latin, Latin kuma ya aro tushen daga "zelos" na Girkanci, wato zafin zuciya a kan abin da mutum ya ɗauka da daraja. A littafi na biyu na Rhetoric, Aristotle ya bambanta "zelos" da "phthonos". Mai na farko yakan ga alheri a hannun wani sai ya tashi ya nemi irinsa, kuma wannan halin mutanen kirki ne a wurinsa. Mai na biyu burinsa maƙwabcinsa ya rasa. Ke nan kakan "jealous" yana ɓangaren yabo ne. "Envy" kuwa daga "invidia" na Latin ta fito, wato kallon wani da mugun ido.

Abin da ya faru daga baya ya fi ba ni sha'awa. A ƙarni na 16 Ingilishi ya sake aro kalmar nan daga Latin a siffar "zealous", ya ba ta himma da sadaukarwa, ya bar wa "jealous" zargi da tsare mata. Wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare, na farkon ƙarni na 17, ya nuna inda wannan zargi yake kai mutum: miji ya kashe matarsa Desdemona a kan adiko da zugar wani mai suna Iago. Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James a 1611 da "jealous" suka siffanta Ubangiji a littafin Fitowa, ma'ana wanda ba ya yarda a haɗa shi da kowa a bauta. Ba mai hankalin da zai karanta hassada a wurin.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin Hausa ba ta raba abin da Ingilishi ya raba tsakanin "jealous" da "zealous". Da kalma guda muke faɗin kishin ƙasa da kishin addini da kishin da ya ba kishiya sunanta, hassada kuma, wadda muka aro daga Larabci, tana gefe guda ba mai yaba ta. Saboda haka ina ganin kuskure ne mai fassara ya mayar da "jealous" hassada kai tsaye, sai fa inda Baturen yake maganar motar maƙwabcinsa.