Jan Launin Manja: Nazarin Sinadarin Karotin a 'Ya'yan Kwakwa da Hanyoyin Cin Moriyarsa

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi sinadarin da ke ba manja launinsa, yadda yake lalacewa, da inda ya fi sauƙin samuwa. Matsayarta ita ce tukar da ake jefawa wuta bayan matsa ta fi cancantar a tatsi launi daga gare ta fiye da man da ake ci.

Gabatarwa

Kwakwar manja, wadda masana tsirrai ke kira Elaeis guineensis, 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, ko da yake a yau Indunusiya da Maleshiya ne ke samar da mafi yawan manjan duniya. Mai iri biyu take bayarwa: manja daga tsokar da ke lulluɓe da ƙwallon, alayyadi kuma daga cikin ƙwallon. Launin yana cikin tsokar ne, shi ya sa alayyadi ba ya ja.

Tsarin sinadarin

Ɗanyen manja na ɗauke da karotin miligiram 500 zuwa 700 a kowane kilo. Fiye da rabinsa bita-karotin ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma alfa-karotin. Wackenroder ne ya fara ware karotin daga karas a 1831, Paul Karrer kuma ya gano tsarinsa a farkon shekarun 1930. Ƙwayar bita-karotin tana da kabon 40 da haidirojin 56, an jera su cikin doguwar sarƙa mai ɗauri biyu-biyu guda 11 da ke bin juna. Wannan jerin ne ke zuƙe shuɗin haske a wajen nanomita 450, ido kuma ya ga ja mai ratsin rawaya.

Raunin sinadarin ma a jerin yake. Iska, hasken rana da zafi suna karya sarƙar, kuma da ta karye launi ya tafi, amfaninsa ga jiki ya bi shi. Tun 1930 Thomas Moore ya nuna cewa jiki na mayar da karotin bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi. Don haka uwargidan da ta bar manja a wuta har ya yi fari kafin ta zuba albasa ta ƙone abin da ya fi daraja a tukunyar. Matatun mai ma haka suke yi da gangan: su tsotse launin da ƙasa mai jan rini, sannan su busa tururi mai zafin digiri 240 zuwa 260 don kawar da wari. Abin ɗaure kai, daga baya sai a sake zuba wa wannan farin man bitamin A na masana'anta, kamar yadda dokar Nijeriya ta wajabta.

Hanyoyin tatsa

Karotin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai ko sinadarai irin su hekzen, kuma wannan ne ke wahalar da raba shi da manja. Hanya ɗaya ita ce a juya man zuwa makamashin dizal, a turare shi cikin injin da aka zuƙe wa iska, karotin ya saura a ƙasa. Wata kuma ta iskar kabon dayokzaid ce da aka matse ta wuce digiri 31 da matsi kusan bar 74. Tana fitar da launi mai tsabta ba tare da ragowar sinadari ba, sai dai injinta na da tsada.

Dukansu suna cin man da ya kamata ya shiga miya. Ita kuwa tuka, ɗan man da ya rage a jikinta na ɗauke da karotin miligiram 4,000 zuwa 6,000 a kilo, ninki da yawa na ɗanyen manja, amma yawanci ƙone ta ake yi don dafa tururi. A ganin marubucin, nan ya kamata cibiyoyin bincike irin su NIFOR da ke kusa da birnin Benin su karkata.

Amfani

Karotin na tsirrai halastaccen launin abinci ne mai lamba E160a, ana sa shi a bota, lemo da biskit, haka nan a man shafawa. A rinin tufafi ba ya kai ko'ina: ba ya kama zare kamar yadda baba ke kamawa a marinar Ƙofar Mata, kuma rana na kashe shi.

Akwai kuma batun algus. Mai saye na auna ingancin manja da jansa, wasu 'yan kasuwa sai suka riƙa zuba rinin Sudan IV, wanda aka haramta a abinci. Hukumar abinci da magunguna ta Gana ta kama irin wannan manja a 2015. Sanin karotin na taimakawa a nan, domin shi yana zuƙe haske a kusa da nanomita 446, rinin kuwa sama da 500, kuma na'urar auna haske ta ɗakin gwajin jami'a na iya nuna bambancin.